Tebur Na Bakwai

Asabar ce, a zauren da muke haya bayan Ƙofar Ƙaura,
fanka biyu, ɗaya na juyi, ɗaya ta yi yaji tun bara.
Sai da na rantse wa mai zauren sau uku
ba caca muke ba, dodanni ne a kan kwali,
yara na jera su suna lissafi kamar masu awon gero,
kyautar ma kofin roba ce da katan ɗin lemo.

Ni ne alƙali. Sauran kwanaki wayoyi nake gyarawa,
ran Asabar in rataya usur, a ce da ni Malam Sada.

Hannu ya tashi a tebur na bakwai.
Ba na Zulai ba ne, ita ta sunkuyar da kai
tana daidaita katunan da ba su karkace ba.
Ƙanenta ne, ɗan shekara tara:
"Alƙali, zo ka ga abin da Rabe ya ajiye."

Dokarmu ta bar mutum ya yi wa katinsa kwalliya.
Na ga dodon wuta da hula zanna,
na ga kura sanye da tabarau.
In suna ya fito, lamba ta fito, kauri bai ƙaru ba,
babu ruwana.

Wannan kuwa Sarauniyar Tafki ce,
an tuɓe mata rigar da ta zo da ita,
an bar ta yadda ko kifi sai ya kau da kai.
Wannan ma da sauƙi.
Fuskar ce. Wushiryar nan, da ɗan tabon ƙasan ido.
Duk wanda ya zo gasar watan jiya
ya san wadda ta cinye Rabe biyu da nema.

Na kifa katin kafin 'yan tebur na shida su miƙo wuya.
Na tsayar da agogo.
Na ce, "Rabe, taso mu sha iska."

A gindin dalbejiya ya kwance bakin buhu:
ai zane ne, ai wasa ne,
ai kuɗinsa ne, dubu huɗu daga Kano,
ai babu shafin dokar da ya ambaci wushirya.
Na bar shi ya zazzage har ƙasa,
sannan na ce, "Kwana nawa ya ɗauke ka?"
Ya ce tara.
"Kwana tara kana bin fuskar nan da tsinin burushi,
ko sau ɗaya ba ka tarar da mutum a ciki ba?"
Ya tsaya karanta yatsun ƙafarsa.

Na koma na rusuna kusa da Zulai.
Ta ce, ba tare da ta dube ni ba,
"Kada ka kore shi. Ba shi farin kwali ya rubuta sunan katin.
A tebur nake so in kayar da shi, ba a bakin ƙofa ba."

Wallahi na so in yarda.
Amma a tebur na uku akwai 'yan mata biyu,
yau suka fara zuwa, uwarsu na jira a mota.
Na rubuta: an sallami Rabe, wata uku.
Ban karanta dalili da ƙarfi ba.
Zulai ta sa hannu a takardar nasara
kamar mai karɓar canjin da bai cika ba,
har aka tashi ba ta yi mini magana ba.

Katin na nan cikin ambulan, na liƙe bakinsa,
a akwatin matattun wayoyi.
Na ce masa ya zo da fenti, ya mayar da rigar a gabana,
ya goge wushiryar, ya ɗauki kayansa.
Asabar biyu ke nan bai zo ba.

Abin da ban faɗa wa kowa ba:
duk Katsina ban ga mai hannun yaron nan ba.
Ruwan tafkin da ya zana, har sanyi yake.